Man Aduwar Sabon Miji

"Lafiya lau, sannu da hanya, ya mutanen... Af! Ashe kai ne? Na janye gaisuwata, na ɗauka mutum ne ya yi sallama."

"Mutum ne mana, kuma mai gidanki. Miji ya taso tun daga Agiye cikin wagga rana, ko ruwa ba za ki kawo mashi ba?"

"Randa na nan inda ka san ta. Ƙafafunka biyu, ko su ma moto ya shanye su?"

Kaka Indo ke nan da jikanta Safiyanu, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, wanda mu nan muke ce wa moto. Tun yana rarrafe take ce mashi mijina, shi kuma tun da bakinshi ya buɗe bai san wani suna nata ba sai tsohuwar matata. Ni Hafsatu maƙwabciyarta ce a nan Gangara. Dangar kara kaɗai ta raba mu, kuma dangar ta tsufa har akuya na ratsa ta, balle magana. Kada wani ya ce laɓe na yi. Ina tsakar gidana ina tsintar wake, zance ya zo ya same ni.

Bari in gaya maku abin da ke cikin ran tsohuwar nan tun kafin ya iso. Farida, matar Safiyanu, ta haifi ɗa namiji a gidan iyayenta can Agiye, jibi suna. Shi ne tattaɓa-kunnen Kaka na farko. A gidansu kuwa, duk jaririn da aka haifa, ranar suna da an gama aski Kaka ce ke shafe shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa da man aduwar da ta yi da hannunta. 'Ya'yanta ta shafa, jikokinta ta shafa, ba wanda ya tsallake. Bara da ta ji hannunta ya fara rawa, sai ta daure ta yi kwalba guda ta ɓoye, ta ce ta ɗan Safiyanu ce duk ranar da Allah ya kawo shi. Da labarin haihuwa ya zo ta je ta ɗauko kwalbar, sai ta tarar da ita wayam, ko ɗigo babu. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Tun ranar, kullum da hantsi ina jin ta a bayan ɗaki tana fama da ƙwallon aduwa, ta buga ta kuskure, ta buga ta ce wash. Na ce ta miƙo in fasa mata, ta ce in je in ji da wakena. Taurin kan tsohuwar nan wallahi haushi yake ba ni, amma tausayinta ya fi yawa.

Safiyanu ya kurɓi ruwa ya zauna a bakin tabarma. Ita kuwa ta tura hannun hagu cikin zane.

"Ɗaure kayanki, ɗaukar ki na zo yi. Baba ya ce kada in koma ba ke."

"Ba ni zuwa."

"Ba ki zuwa ina?"

"Ba ni hawa wanga jakin ƙarfen naka. Wancan karon da ka kai ni kasuwa, haƙorina guda a hanya ya faɗi."

"Haƙorin da tun ina lakol, ina ɗan makarantar boko, yake neman hanyar gudu? Ai taimakonshi na yi, ya kamata ya gode mani."

"Kuma ma ni na gama da kai. Na samu sabon miji, ɗanye shar, ba gemun bunsuru, ba warin esansin da moto ke sha."

"Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya? Kun dace. Sai ku zauna ku yi ta shan kunu tare."

"Ko kunun ne ai ya fi zama da kai. Mi ka taɓa kawo mani? Wancan zanen da ka sayo, wanki ɗaya ya koma matacin koko."

"Da shi ake wanki? Na kallo ne. To in kina son sabon mijin haka, mi ya hana ki zuwa ki gan shi?"

"Ni zan kai kaina? Shi ya zo ya gaishe ni, in ga irin tarbiyyar da ubanshi ya ba shi."

Safiyanu ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani mai sheƙi, ya ajiye a gabanta.

"In zancen mai ne ke riƙe ki, na hutar da ke. Ga fomad, man shafawa daga kanti, har da hoton jariri a jiki. Buɗe ki ji ƙamshi."

Ta buɗe da hannu ɗaya, ta shinshina, ta yamutsa fuska kamar an ba ta maɗaci.

"Wanga turaren 'yan mata za ku shafa wa mijina? Ƙudajen Agiye duka su biyo shi? Kai da kake zaune nan, da mi aka shafe ka?"

"Ni ai da kyauna aka haife ni."

"Kai? Tabɗi! An haife ka kamar ƙadangaren da ya kwana a rana, fata duk ta yi saɓa, cibiya kamar gauta. Ungozoma da ta ɗaga ka sai da ta yi salati. Ni na zauna da man aduwa ina shafawa safe da yamma har ka fara kama da mutane."

"Shi ya sa har yau in na lashi hannuna ɗaci nake ji."

"Ɗacin halinka ne. In mai ɗaci ne, wa ke sace mani shi yana tsiyayawa a kwaɗon zogale? Man ci daban yake, sai an tafasa ƙwayar an zubar da ruwa, an sake, har ɗacin ya fita. Ka sha rabin kwalba kana ɗan yaye, uwarka ta kwana wanki."

"Ƙarya kike mani don ba ni da shaida."

"Shaida na kanka. Makeron da ya cinye maka ƙeya har malamin lakol ya ce ka zauna gida, mi na shafa maka? Gashin nan da kake tajewa kana yi wa mutane yanga, ni na shuka shi."

"To ki zo ki girbe abinki, mai aski ya huta."

"Fason ƙafar kakanka fa? In rani ya yi, diddigenshi har ƙwayar gero ke ɓuya a ciki. Da wanga man nake toshe shi. Gwiwarshi in ta ƙi, da shi nake murzawa ya tashi ya tafi gona. Abin da ya rage a tukunya ma ba na zubarwa, sabulu nake yi, da shi aka wanke maka ƙazanta."

"Ke dai ki ce man aduwa na tada matacce mu huta."

"Ya tada kai, ai ya isa."

Nan ne Safiyanu ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, irin na wanda ya samo maganar da za ta kashe baki.

"Tsaya ki ji, tsohuwa. Duk gidan nan mai ɗaya na sani mai amfani, shi ma ba naki ba ne, na marigayi mai gidanki Kaka Baƙo ne, Allah ya jiƙan shi. Da damina da na zo sarƙar motona na ta kuka, kina gona. Na buɗe jakar kayan kekenshi ina neman kile na kwance noti, sai ga kwalbar man keke an toshe ta da totuwa. Na juye shi duka a sarƙa. Wallahi daga ranar har yau ba ta ƙara kuka ba. Wancan shi ne mai, ba wanga na aduwa da kike cika mana kunne da shi ba!"

Jama'a, saura kaɗan faifan wake ya suɓuce mani. Na leƙa ta ramin danga. Kaka ta juya tana kallon moton da ke jingine a bakin zaure, ta daɗe tana kallon shi.

"Jakar da ke rataye a bayan ƙofarshi?"

"Ita."

"Kwalbar mai ruwan ƙasa, da tsumma a wuya?"

"Ita fa. Mi ya faru?"

"Ikon Allah. Ni da na yi ta tsine wa ɓeraye." Ta sauke murya. "Can na ɓoye shi don na san ba mai taɓa jakar nan, ni ma kada in ga ƙafata ta yi faso in ɗauko. Wancan man ɗanka ne, Safiyanu."

Na daɗe ban ji ta kira shi da sunanshi ba. Shi ma ya ji. Dariyar ta ɗauke daga fuskarshi. Sai idonshi ya sauka kan hannun da take ɓoyewa, ya jawo shi a hankali daga cikin zane. Babban yatsan ya kumbura, farcen ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi an ɗaure da tsumma.

"Kaka, mi ya same ki a nan?"

"Dutse ne ya gaishe ni."

"Shi ya sa kika ce ba ki zuwa?"

"In je da mi? In tsaya cikin mata hannu biyu, a miƙo mani yaro in yi ta kallon shi? Uban kowa na shafa. Shi kaɗai za a ce ya zo ya tarar na ƙare?"

Kunya da tausayi suka rufe yaron nan, ya sunkuyar da kai yana murza makullin moto. Ni kaina sai da na goge ido da bakin zane. Ita ce ta ga abin zai yi nauyi, ta ɗan zungure shi da ƙafa.

"To ashe moto ne ya riga mijina shan mai. Jibi sai ka kai shi a yi mashi aski, a yanka mashi rago."

"Ina ƙwallon aduwar?"

"Ba aikin maza ba ne."

"Ni na zubar, ni zan tara. Ina yake?"

"Kai da ko gyaɗa ba ka iya ɓarewa sai ka ci rabi?"

Bai saurare ta ba. Ya tuɓe riga ya rataye a danga, dab da idona, ya zagaya bayan ɗaki ya jawo kwando da dutsen fashi. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya duba, ya shinshina.

"Kai! Wanga ai warin akuya yake."

"Daga bakinta ya fito. In sun ci aduwa a daji, sun dawo sun kwanta tuƙa, sai su furzar da ƙwallon tas, ba sauran nama. Ni kuma in bi turke in tsince. Akuyar nan ta fi ka yi mani aiki."

"Wato da yawun akuya kika rene ni?"

"Shi ya sa gemun ya fito haka. Fasa!"

Ya kwantar da ƙwallo a kan dutse ya ɗaga hannu sama kamar zai kashe maciji, ya sauke. Ƙwallo da ƙwaya suka niƙe wuri ɗaya.

"Wayyo ƙwayata! Gari na ce ka yi mani? Tsaye ake ɗora shi, ka riƙe da yatsu biyu, ka bugi kan, sai ya tsage gida biyu ƙwayar ta fito da ranta."

"Da yatsu biyu? In na kuskure fa?"

Ta ɗaga mashi babban yatsanta. Sai ya tsayar da ƙwallon. Na farko ya yi tsalle ya faɗa cikin randa, na biyu ya tsage. Yana cikin murna yana cewa ta zo ta ga gwani, na uku ya sauka a kan yatsanshi.

"Wash! Innalillahi!"

"Sannu, gwani. Yanzu mun zama mata da miji na gaskiya, yatsunmu iri ɗaya."

Haka suka yi ta yi har azahar ta wuce, shi yana fasawa yana tsaki, ita tana tsince ƙwayar da hannun dama tana jefar da wadda ta ruɓe, tana kuma ƙirga mashi laifuffukan da ya yi tun yana goye. Da ƙwaya ta cika ƙaramar ƙwarya, ya tambaya ko sai an yi wancan tafashe-tafashen.

"Na shafawa ne, ba na ci ba. Ɗacin ya zauna abinshi. Hura wuta ka kawo kasko."

Ya soya tana tsaye a kanshi, tana cewa ya juya, ya ƙona mata, ya rage wuta, wanga wane irin miji ne. Da ƙwayar ta yi ja, ƙamshi ya tashi, sai ta nuna mashi turmi da haɓa.

"A'a, Kaka. Fashi na yarda. Daka kuma?"

"In ɗauki taɓarya da wanga hannun?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya je ya tura ƙofar zaure, ya dawo ya ɗauki taɓarya. Ƙato da gemu yana luguden da ba kai ba gindi, turmi na rawa, shi ma yana rawa. Nan dai na kasa daurewa, dariya ta ƙwace mani har na faɗa jikin danga.

"Inna Hafsatu!" ya ce. "Don girman Allah, in wanga labari ya kai tashar Agiye na bar garin."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata," na ce mashi. To ga shi dai yanzu ina gaya maku, amma ku ba 'yan tasha ba ne.

Tunda an gan ni, sai na ratso ta ramin akuya na shigo da tafasasshen ruwa. Shi kaɗai Kaka ta yarda in kawo. Da dakan ya yi laushi ya fara naso, aka kwashe a tukunya, aka zuba ruwan zafi, aka dama, aka mayar kan wuta marar ƙarfi. Duk muka zuba ido. Can sai mai ya fara tasowa, ɗigo-ɗigo, rawaya, yana haɗuwa a saman ruwa.

"Ga shi nan!" in ji Safiyanu, kamar yaro. "Wallahi ga shi nan!"

"Da ka ɗauka esansi zai fito? Matsa. Kwalfa tawa ce."

Duk wahalar da aka sha, kwalfar nan ita ce aikin. Sai an kwantar da ludayi a saman ruwa a hankali, mai ya gangaro ciki ba tare da ruwa ya biyo shi ba, kuma wanda ya kwalfe shi ake cewa ya yi man. Kaka ta yi bisimilla ta ɗauki ƙaramin ludayinta. Hannun ya kama rawa tun kafin ya kai bakin tukunya. Ta tsoma, ya nutse, ta ɗebo ruwa da tsaki. Ta mayar, ta jira ya kwanta, ta sake. Wanga karon ta samu man, amma kafin ta kai kwano hannun ya girgiza, ya zube cikin wuta, ya yi cuu.

Ba wanda ya yi dariya. Ta ajiye ludayin a kan murfi, ta goge hannu a zane.

"Kwalfe, Safiyanu. Ni kam na gama. Ka kai mashi, ka ce uwarshi ta shafa."

Raina ya ɓaci ƙwarai da jin haka, don ban taɓa jin matar nan ta ce ta gama da wani abu ba. Na yunƙura zan yi magana, yaron ya riga ni.

"Ni? In kwalfe, gobe yaro ya fito da ƙurji guda ki bi gari kina cewa hannuna ne? Ba ki isa ki ɗora mani wanga ba. Ɗauki ludayinki."

"Ba ka ga abin da ya faru ba?"

"Na gani. Rowa ce, ba ki son sabon mijin ya samu da yawa. Ɗauki."

Ta ɗauka don ta rabu da shi. Sai ya zagayo bayanta ya durƙusa, ya sa hannu ya kama wuyan hannunta, ɗayan kuma ya tallafe gwiwar hannun.

"Sake ni, marar kunya, Hafsatu na kallo."

"Ta kalla. Matata ce."

"Kana matse ni."

"Ke dai kai mu inda za mu, ni ban san hanya ba."

Ludayin ya sauka a kan ruwa bai girgiza ba. Ita ke karkata shi, ita ta san inda man ya taru, shi riƙewa kawai yake yi. Mai ya gangaro ciki, suka ɗaga tare suka juye a kwano. Suka koma. Ba ta ƙara cewa ya sake ta ba. Da suka gama aka ɗora kwanon a kan garwashi ruwan da ya saura ya ƙone, aka bari ya huce, aka tace da tsumma mai tsabta cikin kwalbar nan mai ruwan ƙasa. Bai kai rabi ba, amma jariri guda ko nawa ne jikinshi?

Ta ɗaga kwalbar tana duba ta a hasken la'asar.

"Inna Hafsatu," in ji Safiyanu, "ke ce shaida. Wa ya kwalfe man nan?"

"Kaka Indo," na ce. "Da idona na gani."

"To ni ma haka na gani. Ni dai an kama ni ina riƙe da hannun matata, iyakar laifina ke nan."

Kaka ta fashe da dariya har hawaye na bin kumatunta, ta kai mashi duka a kafaɗa da ludayi.

"Ɗan banza! Ka ci ni yau. Hafsatu, ɗauko mani zanen nan na cikin kwalla, da safe wanga ja'irin zai kai ni wajen mijina."

Sai ta lakaci man da ya saura a gindin kwano, ta kamo yatsan da ya buge, ta shiga murzawa a hankali. Tafin hannun duk ya yi bororo saboda taɓarya, nan ma ta bi ta shafe.

"Kaka, na sabon mijin ne fa, kada ki ɓarnatar."

"Yi mani shiru ka miƙo ɗayan hannun. Tsohon ma nawa ne."